Yadda zaki zazzage kayan shafanki ki ware na ajiyewa da na zubarwa

Kwanakin baya aka kawo min wata amarya daga Rigasa saura kwana 12 ɗaurin aure, gwaggonta ce ta rakota, tun kafin su zauna take cemin Hajiya so muke ki ƙara mata haske. Yarinyar na ɗaga niƙab gabana ya faɗi wallahi, kumatu jajir, jijiyoyi kore kore duk sun fito kamar an zana, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, ga nankarwa a damtse ga yarinya ko shekara ashirin bata cika ba. Nace me take shafawa, sai suka zazzage min leda, robobi biyar babu ɗaya mai rubutu a jiki, wai oganik ne ai ba bilicin bane. Shekaruna da dama ina gyaran jikin amare da ƙunshi a garin nan na Kaduna kuma irin wannan ba shine na farko ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abinda nake sa kwastomomina suyi kafin in taɓa jikinsu. Ki samu rana ɗaya da baki da fita, Asabar ko Lahadi, ki shimfiɗa zani akan gado ki kwaso duk abinda ke kan madubi da banɗaki da cikin jaka, sabulu, loshan, kirim, hoda, jan baki, kwalli, harda tub ɗin nan da kika ɓoye a durowa. Gyara kayanka ai baya zama sauke mu raba.

Mataki na farko: ware duk robar da bata da rubutu

Wannan baya buƙatar dogon tunani. Duk abinda aka zuba miki a roba fara ba sunan kamfani, ba jerin abubuwan da ke ciki, ba ranar ekspaya, ki ajiyeshi gefe. Nasan zaki ce ai wadda ta haɗa ƙawarki ce ko kuma mutum dubu nawa ke binta a Instagram, toh ba ina cewa muguwa bace, da yawansu suma basu san me ke cikin garin da ruwan da suke siyowa suna cakuɗawa ba, suma siya sukayi a hannun wani. Kalmar oganik ba wata shaida bace, kowa zai iya bugata a sitika. Kuma wannan maganar ta cewa abu indai daga itace ko ganye yake baya cutarwa, ki tuna tunfafiya ma itace ce, amma ruwanta ya shiga ido kinsan abinda ke biyo baya. Haka masu cewa nasu babu kemikal, ruwan da kike sha ma kemikal ne, gishiri ma haka, abin tambaya shine wane iri ne kuma nawa aka zuba.

Ga ma'aunin da nake bawa kowa: fatar mutum tana ɗaukan kusan kwana 28 kafin ta sabunta kanta, idan shekaru sun ja ma tafi haka. Don haka duk man da ya canza miki launi cikin kwana biyar ko sati ɗaya, ba karas bane ba kurkur bane ba madarar akuya bace, akwai magani mai ƙarfi a ciki ko an faɗa miki ko ba'a faɗa ba.

Mataki na biyu: karanta bayan roba, ba gabanta ba

Gaban roba talla ne, hoton mace fara sol da alƙawari. Juya baya ki nemi ƙananan rubutun nan, in ido baya gani ki ɗauki hoto da waya ki buɗa. A ƙa'ida abinda yafi yawa shi ake fara rubutawa, sai a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka in an cika gaban roba da hoton zuma amma zumar tana can ƙarshen layi bayan turare, kin gane ɗigo akayi.

Abu uku nakeso ki nema, kuma anan zan daɗe don sune suke kawo min amare a lalace.

Na ɗaya sitiroid. A jikin tub zaki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, yawanci ƙananan tub ɗin nan da ake matsewa cikin loshan, harda waɗanda ake cewa suna aiki uku a lokaci ɗaya. Magani ne na gaske, likitoci na bayarwa don ciwon fata na ɗan lokaci, sati ɗaya ko biyu a daidai wajen ciwon, ba wai a shafe jiki dashi wata da watanni ba. Yana haskaka fata da sauri saboda yana matse jijiyoyin jini yana danne launi, amma a hankali yana sa fatar tayi siriri kamar ledar biredi, jijiya ta fito, nankarwa mai faɗi ta tsage a cinya da damtse wadda bata komawa, ƙuraje su feso, gashi ya fara fitowa a haɓa, ciwo in kinji ya daɗe bai warke ba. Kuma yana shiga jini, mai shafa shi a duk jiki shekara da shekaru tana iya gamuwa da hawan jini ko suga ya hau, fuska ta kumbura tayi zagaye ana cewa hutu ne.

Na biyu haidirokwinon, a roba an rubutashi hydroquinone. Shi aikinsa hana fata yin melanin, wato sinadarin da ke bamu launinmu. Likitan fata na iya bayarwa don wani tabo na wata biyu ko uku sannan a tsaya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sashi a kayan kwalliya tun 2001. In aka daɗe ana shafawa sai ya juya, kumatu da gefen ido su fara yin baƙi mai shuɗi shuɗi, shine matan garin nan ke cewa sanbon, su tafi neman man sanbon wanda shima haidirokwinon ɗin ne a ciki, a ƙara mai akan wuta. Wannan baƙin ba ƙunar rana bace, man ne ya haifar dashi kuma yana da wuyar fita ƙwarai ko a hannun likita.

Na uku zaiba, wadda zaki ga an rubuta mercury ko calomel ko mercurous chloride, in ma an rubuta kenan, don yawanci ɓoyewa ake. Ita tafi tsoratani saboda ba'a fata take tsayawa ba, ƙoda take ci da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ɗan da ke ciki tana shiga nono, kuma tana manne a tawul da zanin gado ta yadda miji da yara da basu shafa komai ba suma suna ɗiba. Akwai yarjejeniyar duniya ta Minamata ta 2013 akan zaiba, sunan wani gari ne a Japan da gubarta ta halaka mutane, Najeriya ma tana ciki, kuma mayukan haske masu zaiba na cikin abubuwan da ta hana. In kin daɗe kina shafa man haske wanda baki san cikinsa ba kuma kina ganin ƙafa na kumbura, ko fuska da safe, ko fitsari na kumfa sosai, dan Allah kije asibiti a duba ƙoda, ki tafi da robar a jaka ki nuna musu.

Ba ke kaɗai bace, kar kiji kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo alƙaluman cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da mayukan haske, kuma a 2023 NAFDAC da kanta ta kira abin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Sai dai lambar NAFDAC ɗin ma kar ki ɗauketa kamar layar tsari, ki nemeta eh, rashinta alama ce mara kyau, amma masu jabu suna bugata, kuma ko man na gaske ne da lambarsa, daga lokacin da mai shago ta buɗe ta matsa tub uku ta zuba wani ruwa ta juya, lambar bata da alaƙa da abinda ke cikin robar.

Mataki na uku: yadda ake dainawa

Nan mutane ke faɗuwa. Mace ta daina yau, bayan kwana huɗu fuska tayi ja tana zafi tana ƙaiƙayi ƙuraje sun fito, sai tace kinga fatata bata son a daina, ta koma. Ba haka bane, fatar ce ta saba da sitiroid shine take bore, kuma yana wucewa amma yana ɗaukan makonni wani lokacin watanni. In zaiba ce ko robar da baki san cikinta ba ko haidirokwinon, ki daina. In kuma sitiroid ne kika daɗe akai musamman a duk jiki, kar ki yanke lokaci ɗaya da kanki, kije wajen likita ya tsara miki yadda zaki rage a hankali, don jikin da ya saba samunsa daga waje yana rage yin nasa. Ki fara da babban asibiti kamar Barau Dikko ko Yusuf Dantsoho a Tudun Wada ki faɗa musu likitan fata kikeso, in ya kama a turaki Shika a Zariya kije, tafiyar bata kai wahalar da kike ciki ba. In kina da ciki ki faɗa a wajen awo, ba zagi zakisha ba taimako zaki samu.

Kuma ki shirya zuciyarki, launinki na asali zai dawo, wani wajen ma zai fara yin duhu fiye da da kafin ya daidaita. Zaki ji magana a gidan biki, wance lafiya kika yi baƙi haka, ko maigida ne baya sakin kuɗi. Wannan lokacin ne yafi wuya, na gani a wajen mata da yawa, shi yasa nake cewa ki faɗawa mijinki ko 'yar uwarki ɗaya tun farko abinda kike yi don ki samu mai tsaya miki.

Allurar haske da ƙwayoyin gulutatayon da ake tallatawa yanzu suma kar ki koma musu a matsayin mafita, hukumomin magunguna na Amurka da Filifin duk sunyi gargaɗi akan allurar, ba'a amince da ita don haskaka fata ba, balle ace a ɗakin gyaran jiki wadda ba ma'aikaciyar lafiya ba ce zata sa miki ruwa a jijiya.

Mataki na huɗu: kayan kicin da na gargajiya

Yanzu ki dawo kan tarin da muke ɗauka marasa laifi. Lemon tsami a fuska, a'a. Tsaminsa yafi ƙarfin fata nesa ba kusa ba, kuma in kika shafa kika shiga rana yana iya ƙonaki ya bar tabo baƙi wanda zai yi watanni. Makilin akan ƙurji, a'a, busarwa yake yana ƙona wajen, ƙurjin kwana uku ya bar miki tabon wata shida. Kanwa, toka, garin da ake sa wa kek don ya tashi, duk a barsu a kicin. Wannan maganar ta in yana zafi aiki yake itace ta lalata fuskoki da yawa, zafi da raɗaɗi fata ce ke cewa a ƙyaleni, kuma irin fatarmu duk inda aka ɓata mata rai da baƙi take ramawa.

Man kaɗanya kuwa ki riƙeshi hannu biyu, ga jiki da ƙafa da leɓe da gwiwar hannu babu kamarsa a hunturu, sai dai mai fuska mai maiƙo da ƙuraje ta kula, shi da man kwakwa suna iya toshe mata fuska. Sabulun salo yana wanki sosai amma yana da kaifi, in bayan wanka kinaji fuska ta ɗaure kamar an ja ganga toh ya miki ƙarfi, ki barshi ga jiki ko ki rage zuwa sau biyu a sati. Dilka da halawa sana'ata ce kuma ina sonsu, dilka na cire matacciyar fata jiki yayi santsi da sheƙi, amma bata mayar da baƙa fara, duk wadda dilkarta ke sa amarya canza launi cikin sati wani abu ta zuba. Kuma ban taɓa yiwa mai shafa sitiroid halawa ba, fatar na iya biyo sukarin.

Lalle ja na ganye lafiya lau. Baƙin nan da ake haɗawa da dayis shine matsala, akwai sinadarin rinin gashi a ciki da ake kira PPD, an yishi don gashi ne ba don a zana a fata ba, wasu yana musu ƙuna da ƙuraje masu ruwa daidai shatin zanen, kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya toh ya ƙi shi kenan har abada, ko rinin gashi kika sa daga baya zai tashi. Yara ƙanana dai kar a musu baƙi ranar sallah, ja ya ishesu.

Sai kwalli, nasan nan zan taɓo iyayenmu. Kwallin dutse da ake niƙawa yawancinsa akwai dalma a ciki, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, mu da mukaga abinda ta yiwa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinare bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba. A Amurka an taɓa samun jariri a birnin Boston da dalma a jininsa, da aka bincika kwallin da aka kawo daga Najeriya ake sa masa ne, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Jariri na murza ido ya kai hannu baki, shikenan ta shiga. Cewar kwalli na wanke idon jariri ko yana ƙara gani bashi da tushe, garin neman gira kar a rasa ido. In kaka ta matsa ki lallaɓata da girmamawa, ki ce Hajiya a asibiti sun hana, yawanci suna ji. Ke babba kuma ki nemi fensirin ido na kamfani mai rubutu, in ido na ciwo ko yana ruwa ga asibitin ido na ƙasa nan kan hanyar Mando.

Tunda na ambaci jarirai bari in faɗi wannan da babbar murya. Yaro ana haifarsa da haske sannan launinsa na gaskiya ya zauna cikin watannin farko, ba mai ne ya ɓata shi ba, ba rana bace, halittarsa ce. Matse tub cikin man jariri don ya riƙe farinsa zalunci ne ko da da soyayya akayi, fatarsa siririya ce tana zuƙe maganin fiye da taki. Basilin fari mara turare ko man kaɗanya mai kyau ya isheshi.

Mataki na biyar: kayan kwalliya da ranar mutuwarsu

Wannan da sauri. Nemi ɗan hoton gwangwani a buɗe a bayan roba, zaki ga 6M ko 12M, ma'ana wata shida ko sha biyu daga ranar da kika buɗe, ba daga ranar ekspaya ba. Maskara wata uku ne, in ta bushe kar a zuba ruwa balle yawu. Abinda ya canza wari ko ya rabu ruwa sama mai ƙasa ki zubar ko da na lefe ne kina jin tsadarsa. Sirom ɗin bitamin C in ya koma ruwan ƙasa ya mutu. Kar ki bar kaya a mota ko jikin taga, zafin Maris da Afrilu na garin nan yana dafasu. Buroshi da soson hoda a wanke duk sati da sabulu a shanya, kuma ranar biki in mai kwalliya zata miki ki tafi da maskararki da jan bakinki, fuska goma sha biyar buroshi ɗaya ta haka ciwon ido ke zagaye ƙawayen amarya.

Mataki na shida: ki sake gini da abu uku kacal

Bayan kin gama zubarwa zaki ga kan madubi ya zama fili, kar ki ruga kasuwa cikewa. Abu uku ne tushe: abin wanki mai laushi, man da ke riƙe laima, da man kariya daga rana. Tsada ba itace inganci ba, na sha ganin basilin da gilisarin sun gyara ƙafar da kirim mai tsada ya kasa, amma kuma in kika ga abu an karya kuɗinsa ƙasa da rabin yadda ake saidashi ko'ina, araha bata ado, jabu ne. Ko a Kasuwar Sheikh Gumi zaki siya ko Kasuwar Bacci ko famasi ko kanti a Ahmadu Bello Way, ki duba murfi a rufe yake da hatiminsa, rubutun bai goge ba, ranar ekspaya bugawa akayi ba liƙa wata takarda akai ba.

Wanka: ruwa mai ɗumi ba mai zafin fige kaza ba, ko da sanyin Disamba ne. Ki sassauta dirza da soso, baƙin gwiwa da hammata da tsakanin cinya ba datti bane, dirzar ma ƙara musu duhu take. In wuyanki yayi baƙi yayi kauri kamar karan-miski kuma sabulu baya fitar dashi, wannan sau da yawa alama ce jiki na fama da suga, gwajin jini yake so ba sabulun haske ba. Sabulun magani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti kullum suma ba dole bane ga mai lafiya, busar da fata suke.

Shafa mai: sirrin shine lokaci. Kina fitowa wanka ki ɗan tsane da tawul, jiki da sauran danshi ki shafa, cikin minti biyu uku, don man ruwan yake kullewa a ciki, in kika bari kika bushe ƙayau kina shafawa ne akan fatar da ta riga ta rasa ruwan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ki ƙara nauyi, loshan sannan basilin ko kaɗanya akai, ƙafa mai faso a jiƙa a ruwan ɗumi minti goma da dare a shafa basilin a sa safa. Muna alwala sau biyar a rana kuma iskar hunturu na kwashe ruwan nan take, saboda haka ki ajiye ƙaramar roba kusa da sallaya, kina idarwa ki ɗan murza a hannu da fuska da ƙafa. Mai fuska mai maiƙo itama tana buƙatar mai, mara nauyi dai, hanata mai gaba ɗaya baya rage maiƙon.

Man rana: nasan ana cewa na Turawa ne, baƙar fata bata buƙata. Gaskiya melanin ɗinmu na karemu sosai, amma baya hana tabo ƙara duhu, kuma duk tabon ƙurji da baƙin kumatun da ke fitowa mata lokacin ciki rana ce ke ciyar dasu. Wadda ta daina bilicin kuwa dole ne a gareta don ta cire wa fatarta rigar kariya, haka 'yan uwanmu zabiya, su kam kullum ne harda hula da dogon hannu. Nemi mai SPF 30 ko sama, SPF shine lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa daga rana, 30 na tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙona fata, 50 kusan 98, kinga bambancin ba wani yawa bane, abinda yafi shine ki shafa isasshe. Ki matsa layi biyu a tsawon yatsu biyu, wannan na fuska ne, ki shafa da safe bayan mai, in kina waje ki sabunta bayan awa biyu ko bayan alwalar azahar. Hodar da aka rubuta tana da SPF bata isa ba don ba wadda ke shafa hoda da kaurin da ake buƙata. Hijabi na kare wuya da kunne amma fuska da bayan hannu suna waje, lema ma ba kunya bace in zaki tsaya jiran Keke a Kawo da rana tsaka.

Mataki na bakwai: in akwai matsala ta musamman

Sai bayan wata ɗaya akan waɗannan ukun fata ta huce sannan ki ƙara abu ɗaya, ɗaya tak. Ƙuraje: ki tambayi mai ilimin magunguna a famasi, ba yaron kemis ba, akwai benzoyil feroksaid mai kashi 2.5 ko 5, akwai salisilik asid mai kashi 2, a fara kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Na farkon yana cin launin tawul da matashin kai, ki sani. Tabo: niyasinamaid ko azelaik asid suna taimakawa a hankali ba tare da sun canza miki launi ba. Dangin retinol, wato mayukan da ke da sinadarin bitamin A, suna aiki amma mai ciki ko mai neman ciki ta nisancesu. Kuma ki daina matsa ƙurji, ki dinga canza ɗankwali da hular hijabi da rigar filo, layin ƙurajen da ke bin goshi da gefen fuska sau da yawa daga gumi da man kitso ne.

Kyasbi ba datti bane kuma ba alamar jinin wani abu bane, ƙwayar cuta ce dangin ta makero da ke zaune a fatar kowa, zafi da gumi ke tada ita, shi yasa take yawa da bazara da damina. Shamfu mai ketokonazol ake shafawa a wajen a barshi minti biyar zuwa goma a wanke, na wasu kwanaki kamar yadda aka rubuta. Tub mai sitiroid yana ɓoyeta ne ta dawo da ƙarfi. Bayan ta mutu farin wajen na iya ɗaukan watanni kafin launi ya haɗe, ba wai maganin bai yi ba.

Kowane sabon abu ki gwada tukuna a cikin damtse ko bayan kunne, ɗan kaɗan safe da yamma na sati ɗaya, in ba ja ba ƙaiƙayi sannan ya hau fuska. Ki ɗauki hoto ranar farko a bakin taga da safe ba filta, ki sake bayan sati shida sannan bayan sha biyu a wajen da lokacin, don ido na mantawa kuma madubi kullum baya nuna canjin da ke zuwa a hankali. Kafin sati shida kar ki yanke hukunci ki canza, fata bata gajiya da mai don ta saba dashi kamar yadda ake faɗa, yawan canje canjen ne ke rikitata.

Amare kuma, uwar amarya da gwaggo ku ji, wata uku kafin biki ake fara wannan, sati biyun ƙarshe ba'a gwada sabon abu ko kyauta aka baku. Yarinyar Rigasa ban mata dilka ba ban mata halawa ba, na mata jan lalle, na bata basilin da man rana, na roƙi gwaggon ta kaita asibiti kafin ranar kamu da robobin nan biyar a leda, kuma na kira mai kwalliyar da zata mata nace ta sassauta hannu a kumatun kar ta goge da ƙarfi.